Garmar ture ƙanƙara a harabar injin shinkafa: winci ko libar hannu?

Duk mai injin casar shinkafa a ƙasar Kabi ya san wahalar ɓuntu. A nauyin buhu biyar na shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, da ka zuba wa inji, kusan nauyin buhu ɗaya ɓuntu ne, kuma ga shi da cin wuri. Kafin azahar ya yi tsibi a bayan inji, kafin magariba ya toshe hanyar da mota za ta bi ta yi lodi. Masu kiwon kaji suna ɗiba don shimfiɗa, mata masu turara shinkafa suna ɗiba don hura wuta, amma abin da suke kwashewa bai taɓa cim ma abin da inji ke fesowa ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015 noman rani ya bunƙasa. Manyan masana'antu irin su Labana da WACOT suna ɗaukar nasu rabon, mu ƙananan masu inji a Argungu ma aiki ya ƙaru, ɓuntu kuma ya ƙaru tare da shi. Da can shebur da baro ne makamanmu, da yaran da ƙaiƙayi ke hana wa barci.

Babur mai ƙafa huɗu da nake aiki da shi ɗan Kwatano ne, asalinsa daga Kanada. Don zuwa fadama na saye shi, saboda babur mai ƙafa biyu ba ya iya hanyar gonata idan ƙasa ta jiƙe. A kwantenar da ya zo an haɗo shi da garmarsa ta ture dusar ƙanƙara, wadda mai kayan ya jingine a bango yana shirin sayar wa 'yan gwangwan a kilo. Na ce a haɗa mini da ita. A gaban babur ɗin kuma akwai winci, wato ƙaramin injin lantarki mai naɗe igiyar ƙarfe, kuma da shi mai babur na farko yake ɗaga garmar yana sauke ta. Daga baya na sa aka yi mini libar hannu, wato sandar ƙarfe da ake ja da hannu a ɗaga garmar. Rani da damina sun wuce a kan kowannensu, don haka abin da zan faɗa na gani ne da idona, na kuma ji a kafaɗata da aljihuna.

Garmar dai allon ƙarfe ne mai ɗan lanƙwasa, faɗinsa inci 54, wato santimita 137. Irin waɗannan babura ana yi musu daga inci 48 zuwa 60. A ƙasan allon akwai wani dogon ƙarfe da aka ɗaure da noti, shi ke gogar ƙasa, idan ya cinye a juya shi ko a sake wani. A baya akwai takalma biyu na ƙarfe da ke hana bakin nutsewa, da sifirin biyu da ke barin allon ya kife gaba idan ya daki dutse ko kututture, maimakon direba ya tashi sama. Sai wasu bututun ƙarfe biyu da suka bi ta ƙarƙashin babur suka kama wani faranti a tsakiyar cikinsa da fil biyu. Ana iya karkata allon dama ko hagu don kaya ya zube gefe guda. Na ɗora allon da bututunsa a sikelin da muke auna buhu, sun ɗan haura kilo 40. Wannan nauyin ne ake ta ɗagawa ana saukewa: ka sauke, ka tura, ka ɗaga, ka yi ribas, ka sake saukewa. Duk maganar winci da liba a kan wannan ɗagawar take.

Dalilin da ya sa garmar Kanada ta yi aiki a Argungu yana cikin nauyin abin da ake turawa. Sabuwar dusar ƙanƙara, wadda ba ta daskare ba, mita ɗaya ta kowane ɓangare ba ta cika wuce kilo 100 ba. Ɓuntun shinkafa ma a nan kusa yake, kilo 100 da ɗoriya. Yashi kuwa busasshe ya kai kilo 1,500. Saboda haka babur yana tura tsibin ɓuntu cikin sauƙi, allon ya cika har ya yi toliya, amma da ka kai shi ga yashi sai tayoyi su fara juyawa a wuri ɗaya. Wanda ke tunanin zai sayi wannan ya maye gurbin katafila, ko ya yi masa huɗa a gona, ya ajiye wannan tunani. Garmar ba ta da abin da ke danna ta ƙasa sai nauyin kanta. Turawa take yi, ba ta haƙa.

Sai dai akwai bambanci ɗaya da masu ƙera ta ba su yi lissafinsa ba, don ba matsalarsu ba ce. Ƙanƙara tana narkewa ta zama ruwa, abin da suke tsoro can shi ne tsatsa da gishirin da ake barbaɗawa a tituna. Ɓuntu kuwa yana ɗauke da sinadarin silika mai yawa, wanda shi ne asalin yashi. Shi ya sa yake cinye robar injin casa, shi ya sa kuma yake yi wa fata ƙaiƙayi. Duk inda ƙurarsa ta shiga ta haɗu da giris, gugar ƙarfe take yi. Wannan ƙurar ce ta raba mini gardama tsakanin winci da liba.

Bari in fara da alherin winci, don yana da shi. Nawa mai ƙarfin fam 2,500 ne, wato kilo 1,134, yana aiki da batirin babur mai bolt 12. Maɓallinsa yana kan babur kusa da babban yatsan hagu: ka danna sama garma ta tashi, ka danna ƙasa ta sauka. Hannunka biyu ba sa barin kan babur. Ba ka sunkuyawa, ba ka yunƙurawa, kuma kilo 40 a wurin injin da aka yi don jan fiye da tan ɗaya ba komai ba ne. Babban abin da na fi yaba masa shi ne yana tsayar da allon a duk tsayin da kake so. Idan tsibi ya yi girma, sai ka ɗaga allon rabi ka fara yanko kansa, ka dawo ka sauke kaɗan ka sake yanka, har ka kai ƙasa. Haka idan iskar hunturu ta tara turɓaya a bakin ƙofa, da winci nake ɗebe ta kaɗan-kaɗan, yatsa biyu yatsa uku, don babur ba zai iya da ita gaba ɗaya ba. Liba ba ta iya wannan aikin da kyau.

To amma winci ba don ɗaga garma aka yi shi ba tun asali. An yi shi ne don ja mai tsawo jefi-jefi: ka maƙale, ka warware igiya, ka ɗaura a bishiya, ka ja kanka, ka naɗe, ya huta. Igiyar tana da tsawon mita 15, kaurinta kamar milimita 5. A aikin garma kuwa ba a amfani da wannan tsawon. Taƙi ɗaya ne ko biyu na ƙarshen igiyar ke shiga yana fita, yana lanƙwasa a kan ƙaramar rolar da ke bakin winci, kuma lanƙwasar mai tsanani ce domin garmar tana ƙasa, igiyar sai ta karyo kai tsaye ta gangara. Kamar yadda ake karya waya da hannu ne, ka lanƙwasa nan ka mayar, ka sake, har ta gaji ta rabu. Ga ƙurar ɓuntu tana shiga tsakanin silin igiyar tana ci daga ciki. Makanikinmu ne ya fara lura. Ya shafa wurin da tsumma, tsumman ya maƙale a silin da suka tsinke suka miƙe. Ya ce, “Alhaji, wagga igiya ba ta kai damana.” Ba ta kai ba kuwa. Ta tsinke garma na sama, allon ya faɗi a kan siminti da ƙarar da ta fito da mutane daga cikin inji. Allah ya kiyaye babu ƙafar kowa a wurin.

Gyaran farko mai sauƙi ne: a yanke wurin da ya lalace, a sake ɗaure ƙugiya da maƙalai. Amma sabon wurin ma hanyar da na farko ya bi zai bi. Can inda aka saba da wannan aiki suna da dabaru uku, kuma duk na ga amfaninsu. Akwai bakin winci na musamman wanda rolarsa ta ƙasa ta fi kauri, don lanƙwasar ta yi sauƙi. Akwai igiyar roba mai ƙarfi wadda ba ta sili, ba ta yanka hannu, idan ta tsinke kuma ba ta yin bulala kamar ta ƙarfe. Sai kuma ɗamara mai faɗi, gajera, irin ta ɗaure kaya a mota, wadda ake naɗawa a winci lokacin aikin garma kawai. A ƙasarmu igiyar roba ba ta burge ni ba. Rana tana cin ta, ƙura tana shiga saƙarta tana yanka zaren, ga tsada, ga wuyar samu. Ɗamarar ce ta fi dacewa da mu. Tana kwanciya a kan rola da faɗinta, ba ta da tsada, idan ta fara zarewa ido na gani tun da wuri. Aibinta ɗaya: duk ranar da za ka fadama sai ka cire ta ka mayar da doguwar igiya, wannan kuma aiki ne da ke cin lokaci, sai ka ga mutum ya yi kasala ya tafi haka.

Akwai kuma wata matsala da ba ta igiya ba ce, ta yatsa ce. Winci bai san garma ta kai ƙarshe ba. Idan direba bai saki maɓalli da wuri ba, bututun garmar zai daki ƙasan babur, injin kuma ya ci gaba da ja da dukan ƙarfinsa. A nan ake tsinka igiya, a nan ake lanƙwasa ƙarfe, a nan haƙoran giyar winci ke zubewa. Mai babur da kansa yakan kula, don ya san abin da ya biya. Yaron da aka ba aiki, rana ta dake shi, yana sauri ya gama, ba lalle ya kula ba. Akwai wata robar tsayawa da ake zurawa a igiya kusa da ƙugiya, tana rage bugun, amma ba ta kashe injin. Haka wajen saukewa: dole a saki igiya ta ɗan yi sako-sako don allon ya bi tudu da kwarin ƙasa da kansa. In an bar ta a ɗame, duk wani karo da allon ya yi a cikin winci yake ƙarewa. In kuma an saki da yawa, sai ta hargitse a kan gangar ta cije kanta.

Sai batir. Wannan ne ya fi ci mini rai. Batirin irin wannan babur ƙarami ne, amfiya 12 na tsawon awa ɗaya kacal yake ɗauka. Winci ko ba kaya sosai yana jan wajen amfiya 20, idan ya ji nauyi kuwa sai ya haura 100, kuma kowane tashi da zai yi sai ya fizgi wuta. Kwayil ɗin da ke cajin batir ba ya ba da wutar kirki sai inji na gudu, aikin garma kuwa a hankali ake yin sa, a ƙaramar giya. Ga fankar lagireto da ba ta hutawa. Wato ana ɗiba fiye da yadda ake zubawa. A Kanada sanyi ne ke raunana musu batir, amma sanyin nan yana sanyaya musu injin winci. Mu namu akasin haka ne. A watan Afrilu, lokacin da shinkafar rani ke shigowa aiki ya fi yawa, zafi a nan yana haura digiri 40. Jikin winci yakan yi zafin da ba ka iya ɗora tafin hannu, zafi kuma yana gajarta ran batir. An sha kashe babur don a sha ruwa, a dawo a murza makulli a ji ƙas-ƙas kawai. Wanda babur ɗinsa ke da igiyar tayarwa ta hannu ya tsira. Wanda nasa na zamani ne mai famfon mai na lantarki, sai ya nemo wani batir.

A kan haka na je wurin wani mai walda a Birnin Kebbi da hoton libar da kamfanoni ke sayarwa. Abu ne mai sauƙin fahimta: doguwar sanda a gefen babur daidai inda hannu ke kaiwa, tana juyawa a kan wani ƙarfe da aka ɗaure a gaba, ɗan guntun hannunta na ƙasa kuma yana riƙe da sarƙa zuwa bututun garma. Ka jawo sandar baya garma ta tashi, ta faɗa cikin wani maƙali ta tsaya. Ka ɗan ture ta gefe ka sake, garma ta sauka. Tsawon sandar ne ke rage maka nauyi. Ya yi mini da bututun ƙarfe mai kauri, ya sa sifirin mai taimakon ɗagawa, ya zura robar kan babur a wurin riƙo don kada ƙarfe ya ƙona hannu da rana. Na roƙe shi kada ya yi walda a jikin babur ɗin kansa, ya ɗaure komai da noti, ya kuma yi hakan. Kuɗin aikin gaba ɗaya bai kai na sabon batir mai kyau ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne sauri. Winci yana ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ya ɗaga, wasu kafin ya sauke, kai kuma kana zaune inji na shan mai. Liba fizga ɗaya ce. A aikin da ake kai da komowa ba iyaka, waɗannan daƙiƙun suna taruwa su zama lokaci mai yawa, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 babu mai barin inji yana ruri a banza. Ɗan ƙanena da ke tuƙa mini shi ne ya fi kowa murna. Ya ce, “Baffa, wanga ya fi. Ina jin garmar a hannuna.” Gaskiya ya faɗa. Da liba kana jin lokacin da allon ya taɓa ƙasa, kana jin ya cika, ba ka kuma iya ɗaga shi fiye da ƙima don maƙalin ne iyakarsa. Sarƙar tana barin allon ya yi lilo ya bi ƙasa da kansa. Babu waya, babu fis, babu abin da ƙura za ta kashe. Abin da take buƙata a goge mahaɗarta a ɗiga baƙin mai kaɗan, ba giris mai yawa ba, don giris kama ƙura yake yi.

Inda na fi gode mata shi ne wurin shanya. Da damina muna baza shanshera a dandamalin siminti, hadari kuma a nan ba ya sallama. Na cire ƙarfen bakin garma na ɗaura yankin tsohon bel na roba mai kauri a madadinsa, don kada ya farfasa ƙwaya ko ya kankare siminti. Idan gabas ta yi baƙi, yaron yana bi layi-layi yana tara shinkafar a tsakiya, sauran suna biye da tsintsiya da tamfol. Ana turawa ne daga gefe zuwa ciki, ta yadda tayoyi ke bin inda allon ya riga ya share. A irin wannan lokaci ba na son abin da zai ce batir ya yi sanyi.

Amma liba tana karɓar nata haƙƙin a jiki, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Ko da sifirin, ɗagawa ce ta gaske, da hannu ɗaya, kana zaune a karkace. Saurayi ba ya ji. Ni da na manyanta, idan na yi yinin aiki da ita, da dare kafaɗa da ƙugu sai sun gaya mini. Idan jiƙaƙƙen ɓuntu ko taki ya manne a allon, nauyin ƙaruwa yake yi. Sannan duk lokacin da za ka ja ta, hannu ɗaya ya bar kan babur. Doka a wurina ita ce a tsaya cak kafin a taɓa liba, domin a kan waɗannan babura totur a babban yatsan dama yake, kuma mutum na yunƙurin ja yana iya danna shi bai sani ba. Don haka na sa aka ɗora tawa a hagu. Ga shi kuma matsayinta biyu ne, sama ko ƙasa. Mai waldan ya ƙara mini maƙali ɗaya a tsakiya, ya taimaka, amma bai kai yadda winci ke yi ba. Sandar ma tana ɗan tare hanya wajen hawa da sauka, mai babbar riga ya kula.

Da aka ga liba ta karɓi aiki, wani abokina ya ce in cire winci in sayar in huta. Ban yarda ba, kuma ba zan ba kowa wannan shawara ba. Hanyar gonata tana bi ta wani kwari da ambaliyar 2020 ta zurfafa, laka ce baƙa mai riƙe taya. Babur mai jan ƙafa huɗu ma idan cikinsa ya zauna a kan laka, tayoyin juyawa kawai suke yi. A nan winci yake nuna abin da aka yi shi dominsa. Ka saki kulocinsa, ka jawo igiya zuwa gindin bishiya, ka naɗa ɗamara a jikin bishiyar don kada igiya ta yanke ta, ka ja a hankali inji na kunne. Inda babu bishiya, mukan binne tsohuwar taya da ƙarfe a gicciye a cikin rami mu ɗaura a nan. Da shi muka fito da injin ban ruwa da ya zame cikin rami, da shi muke jawo amalanken taki idan ta kafe. A tuna cewa ƙarfin da aka rubuta a jikinsa na zagayen farko ne na igiya a kan ganga. Yawan igiyar da ke naɗe, raguwar ƙarfin ja. Don haka a warware da yawa, amma a bar aƙalla zagaye biyar a kan gangar. Tun da na sauke masa aikin garma igiyarsa ta daina lalacewa, batir kuma yana cike ranar da ake buƙatarsa.

Abu ɗaya game da fadama: a cire garma kafin a tafi. Bututunta da farantin da ke ƙarƙashi suna rage tazarar babur da ƙasa, ko an ɗaga ta ba ta tashi sosai, kuma ita ce farkon abin da zai caki kunya ko ya nutse a laka. Fil biyu ne da sarƙa, cirewa ba ta da wuya.

Wane ne zan ce ya tsaya a kan winci don ɗaga garma? Dattijo mai aiki da kansa, ko mai ciwon kafaɗa ko baya, ko wanda aikinsa na ɗan lokaci ne, kamar share gaban gida ko gyara hanyar cikin gona jefi-jefi. Shi ya sa ɗamara a madadin igiyar ƙarfe, ya nemi rola mai kauri, ya riƙa barin inji ya ɗan yi gudu bayan aiki don batir ya cika, ya kuma hure ƙura daga akwatin wutar winci da iskar mai faci. Wanda kuwa aikinsa na kullum ne, a shimfiɗaɗɗen fili, cikin ƙura, kuma yara ne ke tuƙa masa, liba ta fi masa. Akwai na uku, wani ɗan injin lantarki mai sanda da aka yi musamman don ɗaga garma, amma shi ma a kan batir yake rayuwa, kuma idan ya lalace a nan babu mai kayansa.

Maganar lafiya ba ta da tsawo amma ba na wasa da ita. Masu ƙera garma suna cewa kada a wuce gudun kilomita 8 a awa ana turawa, kuma gaskiyarsu ne, don allon da ya daki gefen kwalbati da gudu yana iya jefa direba kan ƙarfe. Ba a taɓa igiyar ƙarfe da hannu tsirara, silinta yana shiga nama. Ba a riƙe ƙugiya da yatsu lokacin naɗewa, a ɗaura mata ƙyalle a riƙe ƙyallen. Idan ana ja mai nauyi a yafa buhu ko bargo a tsakiyar igiya, kowa kuma ya matsa gefe. Ba a sa ƙafa ko hannu a ƙarƙashin garmar da ke sama, ko winci ke riƙe da ita ko liba. Idan an gama aiki a sauke ta ƙasa. Yara ƙanana suna son hawa wannan babur fiye da komai, masu yin sa kuma sun rubuta a jikinsa cewa ba na wanda bai kai shekara 16 ba ne, ba kuma na goyo ba ne. Makullin nawa a aljihuna yake kwana. Mai tura ɓuntu kuma ya rufe hanci da baki, ya sa tabarau, matatar iskar babur ma a riƙa wanke ta akai-akai.

Ga wanda ya ga irin wannan a wurin masu kayan Kwatano, ko Honda ne ko Yamaha ko Polaris, ya duba abu kaɗan kafin ya biya. Farantin da ke ɗaure garma a cikin babur kowane samfuri da nasa, don haka ya tabbata an haɗo da shi, da fil ɗinsa biyu. Ya leƙa ƙarƙashi da tocila, domin babur da ya yi shekaru yana ture ƙanƙara ya sha gishiri, tsatsa kuma daga ciki take cin ƙarfe, fenti na sama yana nan lafiya. Ya warware igiyar winci gaba ɗaya ya gani, ba taƙin farko kawai ba. Ya sa a ɗaga garma a bar ta a sama na ɗan lokaci, idan tana zamewa ƙasa da kanta birkin winci ya gaji. Ya saurari ƙarar akwatin wuta idan an danna maɓalli ta kowane ɓangare. Ƙarfen bakin garma da takalmanta kada su hana ciniki, kowane mai walda zai yanka maka sabo daga tsohon sifirin mota, kuma namu ya fi na asali jure siminti.